Goron da Talle Ya Ɗaure

A rumfar tsince goro ta unguwar Akwatialine da ke Kumasi Iliya ya fara ganin Rahila, a shekarar 1924. Ya sauke huhun goro daga kansa, gumi na zuba, ta ɗago ido ta ce, "Malam, kaya ka kawo ko wanka ka zo yi?"

Matan rumfar suka kwashe da dariya. Shi kuwa ya tafi da muryarta a kunne.

Ashe cocinsu ɗaya, 'yar ƙaramar nan ta baƙin Arewa. Kafin wata uku sun shaƙu. Yana kiranta Farin Gorona, tana kiransa Ɗan Dakona. Takan naɗe wasiƙa cikin ganye ta cusa masa a hannu:

"Ɗan Dakona, jiya a coci muryarka ta kori kajin maƙwabta. Ni dai na ji daɗinta."

Mahaifinta, Baba Yohanna, tsohon soja, ya ƙi. "Ɗan dako marar dangi?" Sai da Rahila ta yi ta roƙo da kuka kafin ya ce a kawo goron neman aure.

Iliya ba shi da kowa a Kumasi sai amininsa Talle, mai ɗaure huhu, wanda suka taho tare a ƙafa tun daga Salaga. Talle ya dafa shi. "Bar mini ɗaurin, ɗan'uwa. Wa ya fi ni hannu?"

Ranar Asabar, a gaban dattawan coci, Baba Yohanna ya kwance ƙunshin. Sama fari tas. Ya cusa hannu ƙasa, ya zaro ɗaya ya ɓare. Baƙi ƙirin, tsutsa na motsi. Na biyu ma haka, na goma ma haka.

"Haka za ka riƙe mini 'ya? Kyau a sama, ruɓa a ƙasa? Tashi!"

Washegari wasiƙa ta zo, babu sunan wasa:

"Iliya, saboda kai Baba ya daina cin abincin hannuna. Da wannan ka saka mini? Kada ka sake biyowa ta rumfarmu."

Iliya ya sami Talle a gindin mangwaro yana cin dokunu, tuwon masarar garin, ya shaƙo wuyan rigarsa.

"Me na yi maka?"

"Ni na fara ganinta," in ji Talle, ko ƙifta ido bai yi ba. "Kuma daina yi mini fuskar waliyyi. Shekara uku ina ɗaure wa baƙin fatake irin wannan, kai kake ɗauka ka kai musu tasha. Ka taɓa cewa uffan? Sai yau da ya faɗo kanka ya zama zunubi?"

Hannun Iliya ya saki.

Kwana biyu bai ɗauki kaya ba. A na uku ya durƙusa gaban Baba Yohanna, Rahila na saurare ta bayan zana.

"Baba, Talle ne ya ɗaure. Amma kullum ina ganinsa yana yi wa wasu, ina kau da kai, ran Lahadi in zo in rera waƙa. Abin da na ɗora wa mutane ne ya iso ƙofarka."

Tsohon ya ce, "Da ka tsaya a sunan Talle, da na kore ka. Je ka kawo wani goron. Da hannunka za ka tsince, ɗaya bayan ɗaya."

Mako guda Iliya ya yi zaune cikin matan rumfa, suna yi masa guɗa, suna kiransa amarya. Rahila ba ta kula shi ba sai rana ta shida, da ta cire wani daga kwandonsa ta jefar.

"Wannan ya wuce ka, Ɗan Dakona. Buɗe ido."

Bayan Ista aka ɗaura aure. Talle ne ya kamata ya tsaya a gefen ango, amma ya hau jirgin ƙasa ba ko sallama. Iliya bai yarda a sa wani a wurin ba. Ya kalli gurbin sau ɗaya, idonsa ya cika, Rahila ta matse hannunsa.

Baba Yohanna ya ɗora tafukansa a kawunansu. "Ubangiji ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku abokan da ba za ku yi kuka da su ba."

Coci ta amsa, "Amin."