Dundumin Gidan Barmo

Magariba ta kawo jiki a Allakaye, shekara kaɗan bayan tafiyar Nasara. Barmo na alwala a tsakar gida, ɗiyarsa Jaratu ta shigo da tulu a ka tana laluben bango. Tun tana ƙarama dundumi ya kama ta. Rana na faɗuwa, idonta ya rufe. Ta yi tuntuɓe a bakin rumbu, tulun ya tarwatse.

Sai ga dutse daga sama.

Na biyu ya fasa tukunyar tuwo. Na uku ya sami Dije, matar Barmo, a goshi, jini ya wanke mata fuska. Barmo ya zagaya bayan danga da gatari, bai ga ko kare ba.

Haka aka dinga yi kowace magariba. Ran nan Jaratu ta miƙe tana gurnani da muryar ƙato, ta ɗaga turmi ta maka wa ubanta, kafaɗarsa ta goce. Maza suka danne ta, ta ciji ɗaya har ƙashi. Aka ɗaure ta da igiyar shanu, aka ɗauko Malam Isaka daga Tamaske.

Malam ya yi ta karatu a kunnenta, tana ƙara kamar ana yanka ta.

"Mi kake nema?" Malam ya tambayi aljanin da ke jikinta.

"Ɗana ta taka a bakin rumbu. Ta karya mishi ƙafa."

Barmo ya zabura. "Kai ka ɗauke mata ido! Maido mata!"

Muryar ta kece da dariya. "Makauniya na iske ta. Da tana gani, da ba ta taka shi ba. Ka manta da sandar da kakanku Hama ke lalube da ita in rana ta faɗi? Kai jikanshi, matarka jikarshi. Cikin jininku abin yake, ta gefe biyu ya haɗu a kanta."

Aljanin ya nemi jinin baƙin bunsuru. Malam ya ce ba a yanka wa kowa sai Allah. Suka daidaita a rushe rumbun, a bar masa wurin. Jaratu ta yi atishawa, ta zube.

Barmo ya raka Malam bakin gari. "Aljani maƙaryaci ne, ko Malam?"

"Maƙaryaci ne. Amma na san Hama."

Jifa ta tsaya. Da rana ta sake faɗuwa, Barmo ya karɓi jaririnsu Mutari daga bayan Dije, ya zaro itace mai wuta daga murhu, ya gitta a gaban fuskarsa. Ya sake gittawa, idon yaron bai motsa ba.

"Ya bi da ido?" in ji Dije.

Barmo ya mayar da itacen cikin murhu, ya rungume yaron.