Agbon da Ba Nawa Ba

"Ɗaga kai ki shanye, Bara'atu, kar ki tsaya shinshinawa."

Inna, mahaifiyar mijina, ke tsaye a kaina da kofin roba. Agbo ne, jiƙon da take sayowa wurin wata Iya Bayarabiya a unguwar Mokola. Baƙi ƙirin da kumfa a sama, warinsa sak kwatar bayan gidanmu idan an yi ruwa.

Shekarun aurena da Anwar sun ja, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Kowa a unguwarmu ta Sabo ya san mai laifi, don an taɓa gwada shi aka ce lafiyarsa ƙalau, Inna kuwa ta bi gidajen suna tana shela. Kullum toshe hanci nake in kurɓe, in fita in amayar da rabi. Yau dai ban miƙa hannu ba.

Jiya ne na je asibiti da ciwon cikin da agbon ya sa mini. Dokta Zulaihat, wadda ke duba mu tare, ta dube ni da mamaki.

"Ina maigidan? Tun kafin azumi ya ce zai yi miki bayani ku dawo."

"Bayanin me, Dokta?"

Ta jawo kujerarta kusa da ni.

"Kin ga, ƙwan mace ba shiru yake zaune ba. Abin da ke kewaye da shi yana fitar da wani sinadari, furojestaron. Su kuma ƙwayoyin maniyyi akwai 'yar ƙofa a jelarsu. Da sinadarin ya taɓa su, kafin ƙiftawar ido ƙofar ta buɗe, kalsiyam ya kwarara ciki, jelar ta hau bugu da ƙarfi har su huda ƙwan. Na mijinki suna da yawa, suna iyo, shi ya sa gwajin farko bai nuna komai ba. Amma ƙofar ba ta buɗewa. Jikinki yana kira, su ne ba sa ji. Akwai abin da za mu gwada, sai dai ku zo tare."

Tun kafin azumi! Ashe mutumin da ke riƙe mini buta ina amai, yana cewa "sannu, zuciyata", ya san ba ni ce ba. Wallahi ƙyamar da na ji ta fi ta agbon. Lalurarsa ba ta dame ni ba, wannan daga Allah ne. Shirun nan nasa ne ya tayar mini da zuciya.

"Ke nake jira fa," in ji Inna. "Kar ki ba ni wahala, don Allah."

Daidai nan Anwar ya shigo daga kasuwar Shasha, rigarsa na warin albasa. Na dube shi ido cikin ido.

"Yaya Anwar, Dokta Zulaihat tana gaishe ka."

Murmushinsa ya ɗauke.

"Bara'atu... don Allah, mu shiga ciki."

"A nan ake ɗura mini, a nan za a yi. Ko ka faɗa wa Inna da bakinka, ko yau in kwana gidanmu."

"Masoyiyata, kunya ce... tsoro na ji kar ki guje ni."

"Sai ka bari ake nuna ni a titi? Da ka faɗa mini, da mun rufa wa juna asiri."

 Can sai ya karɓi kofin daga hannun Inna, ya kafa kai. Bai kai rabi ba ya durƙusa bakin rariya yana kakarin amai, hawaye da majina shaɓe-shaɓe. Ban ji tausayinsa ba sosai, gaskiya.

"Inna," ya ce da ƙyar, "matsalar daga gare ni take. Likita ta tabbatar. Bara'atu lafiyarta lau."

Inna ta waiga ƙofa ko wani ya ji.

"To... maganar nan ta tsaya cikin gidan nan."

"Tata ba ta tsaya cikin gida ba, Inna. Gidajen da kika bi kika faɗa, ni zan bi in gyara."

Sai a lokacin kuka ya ƙwace mini. Na ɗauko butar nan, na tsuguna kusa da shi, na kawar da kai saboda warin.

"Kurkure bakinka," na ce. "Gobe kai za ka fara shiga wurin Dokta."