Wake Ɗari Huɗu a Tukunya

Ranar Litinin aka wayi gari shukar wake ɗari huɗu ta ɓace daga ɗakin raino na cibiyar bincike.

"Wake?" in ji Insifekta. "Saboda wake aka hana ni karyawa?"

"Cutar da ke jikinsa muke so," in ji Farfesa, shugaban wurin. "Mu muke shafa wa ganyen bairos, wato ƙwayar cutar, ya hayayyafa. Mu tace shi, mu ƙwaƙule cikinsa, mu ɗura maganin sankara a ɓawon, ya kai shi har cikin ƙari. Majiyyata goma sha biyu ke jira."

"Akwai mai ƙullace da kai?"

"Ni? Ko ɗaya."

Insifekta ya zaga ɗakin. Shukoki masu lafiya suna nan kore shar. Masu dabbare-dabbare kaɗai aka tuge. Da baƙo ne, masu kyau zai ɗauka.

A ɗaki na gaba ya buɗe tukunyar kashe ƙwayoyin cuta. Ga waken nan a dafe cikin jakunkuna, an ɗaure bakin kowace jaka tsaf.

A ofishin Farfesa ya nemi jerin majiyyatan. An soke suna na bakwai da jan biro, an rubuta wani a sama.

"Wa aka saka?"

"Wata... surukata. Likitoci suka zaɓa."

"Da bironka?"

Insifekta ya sa aka kira tsohon da ke kula da shukokin shekara ashirin.

"Baba, ina kake jiya?"

"Gida, ranka ya daɗe."

"To wane irin maɓarnaci ne zai tsaya ya dafa abin da ya ɓata? Ga bola nan bayan katanga."

"Bola?" Tsohon ya harzuƙa. "Da gonakin mutane kewaye da mu? Cutar ta..." Sai ya gane ya tona kansa.

"Ta bakwai da aka soke sunanta, matarka ce?"

"Ranar Alhamis muka binne ta. Farfesa ya aiko da katin ta'aziyya, sakatariyarsa ta sa hannu. Yanzu ya je ya yi wa surukarsa bayani."

"Sauran sha ɗayan fa? Su me suka yi maka?"

Tsohon ya miƙa hannuwa, aka sa ankwa.

A bakin ƙofa ya tsoma takalmansa a ruwan maganin kashe cuta, kamar kullum.

"Kowace safiya sai ta ce, 'Malam, layi ya zo kaina?' In ce saura kaɗan. Har ta tafi ban iya gaya mata an cire sunanta ba."