An Rage Wa Imran Tsawo

Gab da magariba Dakta Asabe ta tsayar da motarta a bakin filin Alhaji Jamilu da ke Nassarawa GRA. Akwatin kayan awonta ta manta a can, shi ta zo ɗauka. Ranta a ɓace yake.

A filin ne masu haƙar harsashin gini suka tono ƙasusuwan mutum. 'Yan sanda suka kira ta, don aikinta ke nan: ta auna ƙashi, ta faɗi tsawon mai shi da shekarunsa. Ƙashin cinya ya nuna mata saurayi ne dogo sosai, ƙafarsa ta hagu ta taɓa karyewa, aka ɗora ta a karkace. Siffar Imran ke nan, direban Alhaji, wanda aka ce ya gudu da mota shekarun baya. Amma da rahoton ya fito, sai ta ga an sauya awon. An mai da shi gajeren tsoho. Da ta yi magana, shugabanta ya ce ta kama kanta, Alhaji ba sa'anta ba ne.

Ta shiga filin tana ƙwafa. Maigadi ya tafi masallaci. Ƙasa na warin danshi, jemagu na ta hayaniya a kan darbejiya. Ta sunkuya a bakin ramin ta ɗauki akwatin.

Jemagun suka yi tsit.

Sai taku a bayanta. Ƙafa ɗaya na takawa, ɗaya na jan ƙasa.

Wari ya taso, irin na rijiyar da aka daɗe da rufewa. Hannu mai sanyi ya damƙe wuyan hannunta, da laka a yatsunsa. Ta ɗaga kai. Ta ƙara ɗagawa. Idonta bai kai ga fuskar ba.

"An rage mini tsawo," in ji wata murya, ƙasa-ƙasa. "Uwata ta zo, an ce mata ba ni ba ne."

"Ba ni na rage ba."

Riƙon ya tsananta, har ta ji ƙashinta na ƙara. Yana jan ta zuwa ramin, takalminta na zamewa.

"Wa?"

Ba tsoro ne ya buɗe mata baki ba, haushi ne. Ta faɗi sunan Alhaji. Ta faɗi na shugabanta.

Ya sake ta.

Ba ta san yadda ta kai mota ba.

Har yau shatin yatsu bai bar hannunta ba. Ginin bai tashi ba. Shugaban nata ya ajiye aiki ba sallama. Alhaji Jamilu kuwa ya daina fita tun Juma'ar da ya taka bakin babbar rigarsa ya faɗi a gaban jama'a. Tela ya rage rigar, ba a jima ba ya sake ragewa. Likitoci suka rasa kan wannan raguwar tsawon nasa, har iyalansa suka aiko roƙon Asabe ta zo ta duba shi.

Ta ce su yi haƙuri su jira, ita gawa take aunawa.