Mamacin da Ake Auna wa Jini

Ranar Litinin Halimatu Sadiya ta ga sunan Kallamu mahauci a kwamfutar asibiti. Wai an auna jininsa ranar Juma'a, 120 bisa 80. Ita kuwa da idonta ta ga fitar makararsa a unguwar Borokiri, wata uku ke nan.

Aikinta haɗa bayanan wani bincike ne. Ana gwada magungunan hawan jini biyu, tsoho da sabo, a kan mutum ɗari huɗu, don a ga wanne ya fi. Ta bi lambobin wayar mutanen tana kira. Mutum shida sun rasu, duk masu shan sabon, kuma duk ana ta auna su. Ta kira Sufeto Dogara na 'yan sanda.

Ya fara da Tabawa, nas mai awo.

"Kin auna Kallamu?"

"Subhanallahi! Ranka ya daɗe, har gaisuwa na je wa matarsa. Kuma ba na aiki ran Juma'a."

Sai Hafizu mai shigar da bayanai.

"Da sunanka aka shigar."

"Oga, wallahi ba ni ba ne. Duba lokacin."

Ƙarfe ɗaya da rabi, kowace Juma'a. Abokan sahunsa suka shaida yana masallaci.

Dogara ya daɗe yana duban lambobin awon, sannan ya shiga ofishin Dakta Mas'uda, shugabar binciken.

"Dakta, na'urar Tabawa ta zamani ce, tana ba da 137, ko 142. Awon mamatan nan duk da sifili yake ƙarewa. Wanda ya saba da tsohon abin awo na matsawa ne ke rubuta haka. Ga irinsa nan a teburinki. In Hafizu ya tafi masallaci, ke kaɗai ke kusa da kwamfutarsa."



"Shekara huɗu na yi ina wahala a kan sabon maganin nan," in ji Dakta. "Da na farko ya mutu, na ce kwanansa ne ya ƙare. Tun daga nan, duk Juma'a sai in ga mamatan zaune a benci suna jiran layi, ni kuma in rubuta musu awo."

Aka tafi da ita. Halimatu ta rubuta wa kowane mamaci ranar rasuwarsa, sannan ta fara kiran sauran masu shan sabon maganin su zo asibiti yau. Na farko ya ɗauka. Na biyu ya ɗauka. Wayar na uku ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba.