Ranar da Kwamfuta Ta Kira Inna 'Yan Mata

Ramla na zaune a ƙofar ɗakinta da laftof a cinya, tuwo yana sulala a murhu. Tun da aka kawo ta Ƙafin Maiyaki amarya daga Tudun Wada ba ta yi ƙawa ko ɗaya ba. Mijinta Ukasha ma'aikacin ruwa ne a Tiga, sai Juma'a yake leƙo gida. Shi ya sa ta a kwas ɗin koyon rubuta manhaja don ya rage mata kewa. A makon nan darasin if da else take fama da shi, wato yadda ake gindaya wa kwamfuta sharaɗi.

Zubaida, ƙanwar Ukasha, ta leƙo ta taɓe baki.

"Inna, zo ki gani! Wallahi catin take yi da maza. Dubi yadda take murmushi ita kaɗai!"

Inna Salamatu, mahaifiyar Ukasha, ta fito tana gyara ɗankwali. Ramla ta durƙusa.

"Inna, karatu ne, aikina ne ya yi daidai shi ya sa..."

"Rufe min baki! Ɗana yana can yana shan rana, ke kina nan kina hira da ƙartin duniya? Miƙo abin nan."

Ramla ta miƙa da hannu biyu. Inna ta kulle shi a akwatinta.

Daga ranar gidan ya yi mata faɗi. Ta yi shara, ta yi girki, ta kai wa Inna ruwan alwala, ba mai ce mata sannu. In ta gama sai ta koma ɗaki ta zuba wa bango ido har hawaye su zubo. Ukasha ya kira, ta ce lafiya lau, don ba ta son ta haɗa ɗa da uwarsa. Juma'ar ma aiki ya riƙe shi bai zo ba. Sau da yawa takan ɗauki mayafi da niyyar tafiya gidansu, ta tuna fuskarsa, ta ajiye.

Da ya zo a Juma'a ta gaba, Zubaida ce ta tare shi da labari tun a soro. Ya kalli idanun matarsa da suka faɗa, sannan ya durƙusa gaban Inna.

"Inna, ki taimaka ki fito da laftof ɗin, ta nuna mana a gabanki. In da laifi, ni zan fara hukunta ta."

Inna ta fito da shi. Ramla ta kunna, ta buɗe manhajar da ta rubuta, ta dubi Inna.

"Inna, kwamfutar tana tambayar shekarunki ne."

"Shekaruna? Ina ruwanta? To, rubuta arba'in."

Ukasha ya sunkuyar da kai, don shi kansa ya haura talatin. Ramla ta rubuta, ya karanta da ƙarfi: "Sannu da hutawa, 'yan mata!"

Inna ta dafe ƙirji. "La ilaha! Wane marar kunya ne a ciki?"

"Babu kowa, Inna. Ni na tsara mata: idan shekaru sun kai hamsin, ta ce barka da hutawa Hajiya. In ba haka ba, ta ce 'yan mata."

"To sa sittin mu gani!"

Ta sa, kwamfuta ta gaishe da Hajiya cikin ladabi. Inna ta yi dariya har da hawaye, sannan ta jawo hannun Ramla.

"'Yar nan, kullum wannan kike yi ke kaɗai? Na zalunce ki, ki yafe min."

Ramla ta kifa kai a cinyarta ta fashe da kuka. Zubaida ta sulale ɗaki.

"Zubaida!" Inna ta ƙwala mata kira. "Gobe ki ɗauko tabarma ki zauna kusa da matar yayanki, ko kya koyi abin da ya fi gulma."

Haka Ramla ta sami abokiyar zama. Da ta yi yaji ranar farko, da zargi ya bi ta har gidansu. Haƙuri ne ya wanke ta, kuma duk wanda ya yanke hukunci a kan abin da bai sani ba, da bakinsa zai nemi gafara.