Gashin Idon Amarya

Da A'i ta san abin da 'yar kwalbar nan za ta raba ta da shi, da ko hannu ba ta miƙa ba. Amma ranar Alhamis ce ta sa lallenta, gidansu na Gwallaga ya cika da mata, zuciyarta kuma ta cika da tsoro.

"Hajiya ta ga hoton," in ji Maimuna, bayan ta turo ƙofar ɗakin ta sa sakata.

Maimuna 'yar ƙanwar Hajiya uwar ango ce. Tare ta tashi da ango Abdulsalam a gidansu na GRA, kuma kowa ya san ita Hajiya ta so ya aura.

"Wane hoto?"

"Na idon nan naki mana! Ta ce gam ne, ruwan alwala ba ya ratsa shi. Ta rantse in gwaggwanninsa suka zo suka gan shi a fuskarki, to ba za a ɗaura ba."



Tun tana ƙarama take fama da ƙaiƙayin ido. Yawan murza ya sa gashin idonta ya zama ɗai-ɗai, har 'yan ajinsu suna ce mata mai idon ƙadangare. Shi ya sa ba ta son hoto, ba ta iya haɗa ido da mutum. Sai jiya Laraba, da Dorcas mai shagon gyaran amare ta zaunar da ita awa biyu tana liƙa mata gashi ɗaya bayan ɗaya. Ko kafin nan sai da ta ɗiga mata gam ɗin a bayan kunne, ta ce a jira kwana biyu a ga ko jikinta zai karɓa. Ya karɓa. Da aka miƙo mata madubi, A'i ta daɗe tana kallon kanta. Ba kwalli, ba hoda, amma ga ido ya fito dara-dara.

Ta tura wa Abdulsalam hoto. Nan take ya kira.

"Wace ce wannan? Ina kika kai mini A'ita?"

"Ba ka so ne?"

"Ni da na so ki tun kina sunkuyar da kai? Amma yau kam kin kalle ni, masoyiya... Shekara biyu ina jiran wannan kallon."

Wannan maganar ce ke yi mata yawo a kai lokacin da ta kira Dorcas.

"Anti Dorcas, don Allah ki zo ki cire mini yanzu!"

"Kai, amarya, ina Bogoro wajen jana'izar kawuna, sai Litinin. Ki ji ni da kyau, kar ki taɓa shi! Akwai man da ake cire shi, yana shago. Kar ki ja, kar ki sa masa komai, kin ji ko?"

Litinin? Ɗaurin aure Asabar ne.

Maimuna ta buɗe jakarta, ta fito da 'yar kwalba da auduga.

"Ruwan goge jan farce ne. Gam ai gam ne, minti ɗaya zai narke. Ni ma da shi nake cirewa."

A'i ta tuna Babanta, Malam Ɗanlarai mai gyaran agogo. Jiya da ya ga idon bai yi faɗa ba. Ya dai cire gilashin da yake leƙa cikin agogo da shi, ya daɗe yana dubanta.

"Kin yi kyau, uwata. Amma ni tsoro nake ji. Kin ga akwatin nan? Kowane ƙarfen agogo akwai irinsa a ciki. Ido kuwa ban taɓa ganin inda ake sayar da kayansa ba."

Ta yi dariya a lokacin, ta ce Baba ka cika tsoro.

Yanzu ga shi ta jiƙa audugar sharkaf, ta ɗaga kai sama, ta danna a idon dama. Kafin zafin ya iso ta riga ta danna a na hagu.

Sai ta ji kamar an zuba mata garwashi.

"Wayyo Allah! Maimuna, idona!"

"Ki yi shiru mana, za ki tara mana mutane! Ki runtse, yanzu zai wuce."

Ta runtse, ruwan ya zauna a ciki. Da ta laluba, ba kowa a ɗakin. Kafin ta kai ga buta, ƙawaye sun banko ƙofa da guɗa, an yafa mata mayafi, an fita da ita tsakar gida.

Amarya ai da kuka aka san ta.

Hawaye suna zuba ta ƙarƙashin mayafi, mata suna shewa.

"Ku ji ta! Kamar ba ita ta kawo shi ba."

"Bar ta ta yi, marainiya ce, uwarta ta tuna."

Ranar Juma'a ba wanda ya ga fuskarta, don amarya ba ta buɗe kai. In za ta fita, ƙawa ce ke riƙe mata hannu, haka ake yi wa kowace amarya. Ta ƙi cin abinci, aka ce kunya ce. Ta yi ta wanke idon a ɓoye, tana gaya wa kanta gobe zai washe. In ta faɗa, za a ce asibiti. In aka ce asibiti, za a ɗaga biki, Hajiya ta sami abin da take nema.

Abdulsalam ya kira sau bakwai. A na takwas ta ɗauka.

"Muryarki ta canza, A'i. Lafiya?"

"Kukan amarci ne..."

"To ki rage, zuciyata. Ki bar mini idon nan lafiya, gobe da kaina zan buɗe mayafin."

Ta kife wayar a ƙirji, ta ciji mayafi don kar a ji ta.

Asabar da hantsi aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Bayan La'asar motocin ɗaukar amarya suka jeru a bakin layi, aka kai ta zaure ta yi sallama da mahaifinta.

Malam Ɗanlarai bai iya dogon wa'azi ba. Ya ce ta yi haƙuri, ta riƙe salla. Sannan ya ciro agogon marigayiya uwarta, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana zuba wa mai don wannan ranar.

"Ungo, uwata."

A'i ta miƙa hannu, hannun ya wuce ta gefe. Ta sake miƙawa, ta kama iska.

Malam Ɗanlarai ya dubi hannun, ya dubi mayafin.

"Buɗe fuskarki."

"Malam, ai ba a buɗe amarya a..." in ji wata gwaggo.

"Na ce ta buɗe!"

Da kansa ya yaye mayafin. Fatar idon ta kumbura ta yi jawur, gashin ya cure da ruwan ciwo, baƙin idon dama ya yi fari kamar an ɗiga masa nono.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Tun yaushe?"

"Tun Alhamis, Baba..."

"Alhamis! Ina cikin gidan nan? Ina zaune ina karɓar barka?"

Motar da aka yi wa ado don kai ta ɗakin miji, ita ta kai ta asibiti.

Likitar ido ba ta ɓoye musu komai ba. Ta ce da a take aka yi ta kwarara wa idon ruwa aka kawo ta, da da sauƙi. Kwana biyun nan sun ba ciwo wuri. Na dama ya tafi. Na hagu za a yi ta magani a gani.

Abdulsalam ya shigo da babbar rigarsa ta ango, ya durƙusa a bakin gadon. An naɗe mata ido biyun da bandeji.

"Me ya sa, A'i? Me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"Hajiya ta ce ba za a ɗaura ba..."

"Wace Hajiyar? Hoton nan ni kaɗai na gan shi, sai Maimuna da ta karɓi wayata ta yi kira. Wallahi Hajiya ba ta ma san kin sa ba!"

A'i ba ta yi kuka ba. Likita ta hana, kuma ba ta da sauran ƙarfinsa.

"Ka ce za ka buɗe mayafi," ta ce a hankali. "Baba ya riga ka."

Ya kama hannunta mai lalle ya ɗora a fuskarsa. Ta ji danshi a yatsunta.

"Ina nan, matata. Ba inda za ni."

Amma Hajiya, wadda ba ta ce komai ba a da, yanzu ta ce. Ta aiko cewa kada a kawo amarya sai an ga yadda idon ya yi, ɗanta bai yi aure don jinya ba. Maimuna ta rantse ita kwalbar farce kawai ta ba da aro, kuma har yau tana gidan, ita ke kai wa Abdulsalam abinci. Dorcas ta zo ranar Litinin da man cirewar a jakarta, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga.

Satin farko kullum Abdulsalam yana zuwa. Na biyu ya zo sau uku. A na uku ya kira ya ce Hajiya ba ta jin daɗi, zai shigo Laraba.

Malam Ɗanlarai ya rufe teburinsa na bakin titi, ya dawo da A'i ɗakin da ta fito. Duk bayan awa biyu yana ɗiga mata magani, da hannun nan nasa da bai taɓa rawa a kan agogo ba.  Ya ɗaura mata agogon uwarta, takan kai shi kunne ta saurara.

"Baba, ƙarfe nawa?"

"Biyar saura kwata, uwata."

"Yau Laraba ko?"

"Laraba ce."

Ta juya fuskarta wajen ƙofa. Kowane babur ya tsaya a layin sai ta ɗaga kai.

Likita ta ce nan da wata guda za a san ko idon hagu zai gani. Har yanzu ba wanda ya sani. Ba wanda kuma ya san ko Abdulsalam zai shigo kafin Magariba.